Ashe Ba Batirin Ba Ne

Duk mai ƙaramar tarakta a Minna da kewayenta ya dakata ya saurare ni. Idan batirinka yana mutuwa cikin dare, ko gefensa yana kumbura, ko ka ɗaga bonet warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ka, kada ka ƙara kai kuɗinka shagon mai batir sai ka ji abin da na gani da idona. Akwai wani ɗan akwati na alminiyum, bai cika tafin hannu ba, yana manne a bayan allon sitiyari, wayoyi sun fito daga cikinsa. Shi ne regileta, wasu kanikawa su ce rektifaya, tsofaffi su ce kat-awut. Na daɗe da sanin sunansa, na san ana sayar da shi a kwali, amma aikin da yake yi, da yadda ake zaɓen wanda zai maye gurbinsa idan ya mutu, sai a farkon daminar nan na gane, kuma wallahi tun daga ranar bakina bai yi shiru ba.

Taraktar ta gidanmu ce. Yayana ya sayo ta gwanjo, 'yar Japan, injin gas mai silinda 3, ƙarfinta bai kai doki 20 ba, duk rubutun jikinta da Japananci. Da rani a ƙofar gida take kwana a Limawa, don lungun da babbar mota ba ta iya shiga ita sumul take wucewa, da damina kuma tana can gona ta hanyar Bida. Irin waɗannan ƙananan, kamfanoni kamar Kubota da Yanmar da Iseki sun ƙera su ne saboda gonakin shinkafar ƙasarsu, inda manomi ke da ɗan fili mai ruwa kwance wanda babbar tarakta in ta shiga sai ta kafe. Kubota tun 1890 yake a birnin Osaka, Yanmar kuwa a 1933 ya fito da ƙaramin injin gas ɗinsa. To ai irin wannan fili mai ruwa kwance, fadamarmu ke nan! Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, ta haura murabba'in kilomita 76,000, amma je ka wajen Badeggi ko Wushishi ka ga yadda talaka ke noman shinkafarsa: fangali-fangali, kowa da ɗan rabonsa. Ƙaramar tarakta ce daidai da shi.

Ciwon a hankali ya faro. Fitilar caji, 'yar jar nan ta kan allo, ta fara ƙyaftawa. Kik ya fara nauyi da safe. Direbanmu ya koma ajiye ta a kan gangare, domin injin gas irin na da ba ya bukatar lantarki da zarar ya tashi: ba filogi, ba koyil, iska ce ke matsuwa ta yi zafi gas ya kama. Alheri ne wannan, amma shi ke ɓoye cutar. Tarakta ta yini tana huɗa, batir yana mutuwa a cikinta ba wanda ya sani, gobe a tura ta a gangare ta tashi, a ce lafiyarta ƙalau. Aka ɗauki batir a babur zuwa wurin masu caji, ya dawo, ya ɗan kwana biyu ya sake kwantawa. Aka sayi sabo. Shi kuma sabon sai ya ɗauko wata hanyar: ruwansa yana ƙafewa, gefensa ya yi ciki, farin gari ya taru a kawunansa, ƙwayayen fitilar gaba suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce regileta ne, aka sayo mai kama da tsohon sak, ya yi ɗan lokaci ya mutu. Aka sake. Kowa a gida ya yanke hukunci cewa kayan yanzu duk jabu ne. Ga hadari yana haɗuwa ta gabas, ga iri a ɗaki, ga tarakta a tsaye.

Wani maƙwabcinmu ne ya ce a kai ta wurin wani dattijon mai rewaya a Keteren Gwari. Rumfar kwano ce, da benci ɗaya, da yara masu koyon aiki, da mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, rataye a ƙusa. Na gaishe shi, na ce: "Baba, regileta na zo ka zaɓa mini, na asali, ko nawa ne."

Ya ce: "Malam, mai da kuɗinka aljihu tukuna. Wa ya ce maka shi ne mai laifin? Bari mu tambayi injin."

Ya sa yaro ya sassauta fanbel, ya nuna mini wani ɗan dunƙulen ƙarfe a gefen injin, ya ce in juya shi da hannuna. Na juya, na ji yana tirjewa, ya sake, ya tirje, ya sake, alhali ba abin da ya riƙe shi. Ya ce: "Ka ji? Maganaɗisu ne a ciki. Wannan dainamo ne, ba altaneta ba. Duk wanda bai fara sanin wannan ba, ko shagon duniya aka buɗe masa ba zai iya zaɓen regileta ba."

Kai jama'a! Ashe gida biyu ne, kuma ba sa aron kayan juna. Altaneta, irin na mota da na manyan taraktoci, ba shi da maganaɗisu na dindindin. Koyil ne a cikinsa yake juyawa, ana ba shi 'yar wuta ta hanyar burushi, wutar ta mai da shi maganaɗisu. Regiletansa yana ƙara wannan 'yar wutar ko ya rage ta, ƙarfin cajin ya hau ko ya sauka, kuma a yawancin na zamani regiletan a cikin altanetan yake, ba ka ma ganinsa. Dainamon ƙananan taraktoci kuwa maganaɗisunsa na dindindin ne, ba mai iya rage masa ƙarfi. Muddin injin yana juyawa, yana ta yin wuta, iyakar gudun iyakar ƙarfin. Abin nan ne da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa maganaɗisu in ya gilma kusa da naɗin wayar jan ƙarfe lantarki yana tasowa, ga shi a gabana cikin rumfar kwano, yana tirje mini a hannu.

Aka mai da fanbel aka ɗaure. Ya zare wayoyi biyun da suka fito daga dainamon, masu launi ɗaya, ya murɗa mitarsa zuwa inda aka rubuta AC, ya ce a tayar. A silo mita ta nuna bolt 14 da 'yan kai. Ya ce direba ya ja totur. Lambobi suka fara gudu, 20, 25, suka haye 30. Na ce: "Baba, bolt 30 a kan batir mai 12?" Ya ce: "Shi ya sa aka sa masa mai gadi. Dainamonka lafiya lau yake, mun gama da shi." Ya kashe injin, ya auna tsakanin wayoyin biyu ya ga hanya a buɗe, ya auna tsakanin kowace waya da jikin ƙarfe ya ga babu haɗi, ya ce haka ake so.

To a nan na fahimci aiki biyun da ɗan akwatin yake yi. Wutar da dainamo ke bayarwa mai kai-da-komo ce, tana zuwa tana dawowa, batir kuwa ba ya karɓar sai wadda ta miƙe ta fuska ɗaya. Aikin farko ke nan, miƙar da ita. Na biyu shi ne tsayar da ita idan batir ya ƙoshi. A irin namu akwai wasu 'yan ƙofofi na lantarki da ake kira tairista, waɗanda kamfanin General Electric na Amurka ya fara fitarwa a 1957. Ba su da wani ƙarfe mai motsi, suna buɗewa suna rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kamar yaron da aka sa tsaron famfo ne: ya ga randa ta cika ya rufe, ya ga an ɗiba ya buɗe. Kuma duk hikimarsa a ganin randar take. Ka riƙe wannan, don nan zancen yake.

Batir ɗin ma ashe yana magana, da lamba yake yi. Ɗakuna 6 ne a cikinsa, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir da ya huta yake nuna 12.6. Ka ga 12.2, ya ci kusan rabi. Idan injin yana gudu ana caji, abin da ake so tsakanin 13.8 ne da 14.5. Ƙasa da 13, ba a ba shi komai. Sama da 15, ana dafa shi ne: ruwan cikinsa yana rabewa ya zama iska ya fice, farantan dalmar ciki su bushe su lanƙwashe, warin nan ya tashi. A cikin iskar kuma akwai haidurojin, mai kamawa da wuta, kada mai taba ko mai walda ya kusance ta. Ga zafin Minna na Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40, batir mai zafi kuwa ya fi saurin tafasa, abin da zai jure a sanyin Japan ba zai jure shi a nan ba.

Sai ya mai da wayoyin, ya tayar da injin, ya murɗa mita zuwa DC, ya ɗora a kawunan batir. 15.4. Na ce: "Ka gani ko, Baba? Jabu ne!" Bai tanka ba. Ya bar baƙar wayar mitar a kan batir, ya ɗauki jar ya cusa ta bayan soket ɗin regileta, a kan wata siririyar waya. 14.4.

Ya ce: "Karanta mini." Na karanta. Ya mai da ita kan batir, 15.4. Ya dawo da ita kan siririyar wayar, 14.4. Ya ce: "Wannan wayar daga makulli ta zo. Da ita yake ganin batir. Shi a saninsa 14.4 yake bayarwa, daidai yadda aka koya masa. Bolt ɗaya ya ɓata a hanya kafin labari ya iso gare shi."

Tsigar jikina ta tashi. Ashe regiletan da muke ta zagi gaskiya yake aikatawa, ƙarya ake faɗa masa! Wutar tana tashi daga batir, ta bi ta fiyus, ta shiga makulli, ta fito ta bi soket, kuma duk inda ta tarar da tsatsa ko sako-sako sai ta bar wani abu a can. Fitilu da sauran kaya suna jan wuta ta wannan hanyar, iya yawan abin da suke ja iya yawan abin da ke ɓata. Regileta ya ga 13 da wani abu, ya ɗauka batir yunwa yake ji, ya ci gaba da ɗura masa har sai wayarsa ta nuna 14.4, a lokacin kuwa batir ya haye 15. Ko daga Osaka ka yo odar sabo fil, ka ɗaura a kan wannan hanyar, haka zai dafa maka batir.

Ya buɗe bayan makullin, ga tsatsa kore shar. Ya zaro fiyus, ga ƙafafunsa sun yi baƙi. Ya bi wayar at, wadda ke mai da wuta jikin ƙarfe, ya tarar an ɗaure ta a kan fenti da laka, notin yana juyawa da yatsa. Ya ce ita ma ido ce, don awon tsakanin waya biyu ake yinsa, in ɗaya ta gurɓata duka sun gurɓata. Samfefa kawai ya sa, da sifana, da ɗan man giris a kan haɗin bayan ya ɗaure. Aka tayar. Batir 14.3. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Amma bai bar ni na yi murna da yawa ba. Ya ce a bar ta ta yi gudu. Bayan ɗan lokaci jar fitilar ta dawo, mita ta gangaro 12 da ɗoriya. Ya zare babban soket ɗin ya nuna mini: ramuka biyun da wayoyin dainamo ke shiga sun narke, robar ta yi baƙi ta ƙandare. Lissafin ba wuya. Dainamo irin wannan amfiya 14 ko kusa da haka yake bayarwa. In haɗin ya saki har ya yi tirjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na om ba, zafin da zai taso a wurin ya kusa wat 20, duk a cikin ɗan ramin roba. Zafi ya ƙara sakin ƙarfen, sakin ya ƙara zafi, wutar tana yankewa tana dawowa, har abin ya taɓa regiletan. Da sanyi yana aiki, ya ɗumama ya ɗauke. Ya ce: "Yanzu ne za ka sayi regileta. Yanzu ka san dalilin sayensa."

Na zo da tsofaffin da muka tara a leda, ya zazzage su a benci, nan ma wata makarantar ce. Ya ɗaga ɗaya: fuska iri ɗaya da namu, haƙarƙarin alminiyum iri ɗaya, soket mai rami 6 yana shiga tsaf. Ya bi ƙafafunsa da mita ɗaya bayan ɗaya, ya ce: "Kama da wane ba ta wane. An juya masa ƙafa biyu." A irin tsarin taraktarmu wayoyin 6 kowace da aikinta: biyu daga dainamo, ɗaya mai kauri zuwa batir, ɗaya at, ɗaya daga makulli, ɗaya zuwa fitilar caji. Masu ƙera na kasuwa suna amfani da soket iri ɗaya ga injuna daban-daban, kuma ba dole ne jerin ƙafafun ya zo ɗaya ba, launin wayoyin ma ba alkawari ba ne. In wayar makulli ta faɗa gurbin ta fitila, caji ba zai zo ba, ko fitilar ta ƙi mutuwa. In wayar batir ta faɗa gurbin at, fiyus ya tashi in an yi sa'a, in ba a yi ba hayaƙi. Wannan regiletan ba jabu ba ne, na wani injin ne.

Ga wani abin da ke ƙara rikita masu taraktar gwanjo. Wadda aka ƙera don kasuwar cikin Japan sau da yawa lambarta daban take da 'yar'uwarta da aka ƙera don fitarwa waje. Kubota B7001 ta gida ce, B7100 ta waje, sun yi kama ƙwarai amma ba komai nasu ne ɗaya ba. Ka je shago ka faɗi lambar da ke jikin bonet, mai shago ya duba bai gan ta ba, ya miƙo maka abin da ya fi kama. Shi ya sa Baba ya ce a bar lambar bonet, a duba lambar injin da aka buga a jikin ƙarfensa, a ɗauki hoton dainamon da soket ɗin da waya, a tafi da tsohon regiletan a hannu.

Ya ɗaga wani ƙarami mai ƙafa 4, ya yi murmushi, ya ce na babur ne. Na tuna direba ya taɓa cewa ai wuta wuta ce. A'a. Yawancin ƙananan baburan da ke yawo a garin nan wutarsu kaɗan ce, regiletansu an yi shi ne ya riƙe fitilar gaba ya ɗan ɗiga wa ƙaramin batir, kuma da yawansu ba rufe hanya suke yi ba, rarar wutar suke mayarwa zafi a jikinsu. Ka ɗora masa wat 200 na dainamon tarakta, yini guda a rana, ba zai kai labari ba. Akwai kuma masu wayoyin shiga 3, na injin da koyil ɗinsa kashi uku ne, ba su dace da dainamo mai waya 2 ba. Akwai na bolt 24 na manyan motoci. Akwai na janareta, wanda wutar gida mai bolt 220 yake daidaitawa, ba ruwansa da batir. Duk sunansu regileta, duk a kanta ɗaya za ka gan su.

Muka shiga kasuwa tare, don ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Iri uku ake samu. Akwai na kamfanin da ya ƙera taraktar, wanda a Minna sai an yi oda daga Legas ko waje, kuɗinsa kuma ya ninka na sauran. Akwai na gwanjo da aka cire daga wata taraktar, irin kayan da ake nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, na asali ne amma ba ka san shekarun zafin da ya sha ba. Sai sababbi na wasu kamfanonin, yawanci daga Sin, su ne suka cika kantuna. Ni dai bayan abin da na gani, ba na cikin masu cewa duk na ukun nan shara ne. Abin da ke cikin akwatin ba sirri ba ne, fasaha ce da ta haura shekara 50, kamfani mai mutunci zai iya yin sa da kyau a farashi mai sauƙi. Manomin da ruwa ya sauka masa ba zai zauna jiran oda har iri ya wuce lokaci ba. Abin da nake ƙi shi ne saye da ido kawai.

Ga yadda na ga ya yi. Mai shago ya zubo masa kala-kala yana cewa: "Oga, ɗauki wannan, ji nauyinsa, orijina ne." Baba ya ce nauyi ba shaida ba ne, baƙin ƙaron da ake cika cikinsa da shi ma nauyi gare shi. Ya ture duk wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ya nemi wanda aka buga masa bolt 12 da adadin amfiyar da yake ɗauka, ya ce lallai ta kai ta dainamon, in ta ɗara ma ya fi, don wanda aka yi wa kaya daidai wuyansa a zafin nan ba ya daɗewa. Ya nemi mai sunan kamfani da lamba a jikin ƙarfen, ba a kwali kaɗai ba. Ya fi son wanda ya zo da 'yar takarda mai zanen wayoyi, ya ce wanda ya damu ya gaya maka inda kowace waya za ta, ya damu da abin da ya sa a ciki. Ya duba kaurin wayoyin, ya lanƙwasa su ya ga ko jan ƙarfe ne na kirki ko roba ce ta yi yawa. Ya juya bayansa ya ga ko shafaffe ne da zai kwanta a kan ƙarfe, ya duba ƙaron ko ya tsage ko ya bar rami da ruwa zai shiga. Sannan ya fito da mitarsa a nan gaban kanta ya gwada jerin ƙafafun da zanen da ya yi a bayan kwalin sigari tun a rumfa.

Sai maganar mayarwa. Kowa ya san ka'idar 'yan kasuwa, kayan wuta in an ɗaura ba a dawo da su, kuma ba zan ga laifinsu ba, tunda na ga yadda lalatacciyar waya ke kashe lafiyayyen kaya. Amma da yake mai shagon ya san Baba, ya san ba zai ɗaura a kan ruɓaɓɓiyar hanya ba, ya yarda in mita ba ta nuna daidai ba a ranar a canza mana. Amanar mai rewaya ita ta zama garantinmu.

Wurin ɗaurawa ma bai yi gaggawa ba. Ya yanke narkakken soket ɗin ya yar, ya sa sababbin kawuna masu kama ƙarfe da ƙarfi. Ya kankare inda akwatin zai kwanta har ƙarfe ya yi fari, domin ta bayansa da haƙarƙarinsa yake fitar da zafi, ya tabbatar yana nesa da salansa, iska tana ratsa shi. Ya ja wata wayar at ta musamman daga jikinsa zuwa inda wayar batir ta kama ƙarfe. Sai da ya gama duka ya mai da kan batir. Aka murɗa makulli, jar fitila ta kama. Aka yi kik, ta mutu. A silo 13 da 'yan kai, aka ja totur ta hau 14.2 ta tsaya cak, aka ƙara totur ba ta motsa ba, aka kunna fitilu ta ɗan sunkuya ta dawo. Muka bar ta ta yi zafi sosai, lambar tana nan. Ya kashe, ya zare makulli, ya auna ko akwai abin da ke satar wuta a ɓoye, babu.

Yana wanke hannu yana yi wa direba faɗa, ni kuwa ina rubutawa. Kada a ƙara zare kan batir injin yana gudu wai don a ga ko yana caji, wannan gwajin shi kansa yana kashe regileta, domin batir ne ke shanye tsallen wutar. In za a yi walda a jikin tarakta ko garma tana haɗe, a cire kawunan batir a zare soket ɗin regileta tukuna. In za a ba ta wuta daga wata motar, a duba alamar + da − sau biyu, juya su na daƙiƙa ɗaya ya isa. Batir ya ƙafe, ruwan batir tsarkakakke ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Bayan aikin shinkafa a share ƙaiƙayi da lakar da suka toshe haƙarƙarin. Ya ƙara da wata da ta ba ni mamaki, ga masu manyan taraktoci irin Massey Ferguson: a wasu altanetoci ta cikin ƙwan fitilar caji 'yar wutar farko take bi, in ƙwan ya ƙone caji na iya ƙin tashi, mutum ya je ya sayi altaneta alhali ƙwai ne ya mutu.

Abin ya tsaya mini a rai a hanyar komawa Limawa. Jihar nan ce ke da Kainji tun 1968, da Shiroro tun 1990, ga Zungeru mai megawat 700, amma amfiya 14 ne suka kusa hana gidanmu shuka. A watan Maris na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya zo Minna ya ƙaddamar da shirin noman zamani na Gwamna Umaru Bago, muka ga taraktoci jere reras, na yi murna har zuciyata. Kowace ɗaya cikinsu tana da batir, da abin caji, da wayoyin da za su sha ruwa da ƙura su yi tsatsa. Ina roƙon duk inda za a raba tarakta a haɗa da mita da littafin zanen wayoyinta, a kuma tara yaran garejin Keteren Gwari da na Bida da na Kontagora a koya musu awon nan. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano, tun 1983 take garin nan, tana da malaman lantarki da na injunan noma. Abin da Baba ya nuna mini bai fi darasin yini ɗaya ba, mitar kuma kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Ni na riga na sayi tawa, tana cikin akwatin kayan aikin taraktar, direba ya iya karanta ta.

Yanzu muhawarar da ake yi a gida ta fitila ce. Yaya yana so a ƙara manyan fitilu a baya don a riƙa haro da dare idan aiki ya matse. Na ce: "Yaya, mu yi lissafi tukuna." Amfiya 14 sau bolt 14 bai cika wat 200 ba, kuma sai injin yana gudu sosai ake samun hakan. Ƙwai biyu masu wat 55 sun cinye 110, ga na gaba, ga abin da batir ke nema don ya mai da wanda hitar ɗumama injin da kik suka ɗiba da safe. Regileta ba ya ƙirƙirar wuta, abin da dainamo ya kawo shi yake rabawa, in an ja fiye da haka daga batir za a cike, a wayi gari ya kwanta a sake cewa jabu ne. Mun daidaita a kan fitilun LED guda biyu masu wat 18, da fiyus nasu daban, da wayarsu da ba za ta bi ta makulli ba. Yana neman ta uku, na ce sai mun ɗaura biyun mun ga abin da mita za ta ce.